Yadda ake duba zanen masu rawa na fentin mai kafin a biya kuɗinsa

Abin da ke jan ido a zanen masu rawa shi ne motsi: zani yana kaɗawa, ƙura na tashi, hannu ya yi sama. Galibin masu zane na zamani da fenti mai kauri suke fitar da wannan motsin, su ɗebo shi da wuƙar fenti su dankara a kan kyalle har ya yi tudu. A nan kyan zanen yake, kuma a nan ne yake fara lalacewa, domin fenti mai kauri shi ne mai jinkirin bushewa, shi ne mai tsagewa, shi ne kuma matattarar ƙurar hunturu. Saboda haka duba irin wannan zane ya ɗan bambanta da duba zanen fuska ko na gari.

Abu guda kafin a shiga bayani. Malamai sun yi magana a kan rataye surar mai rai a gida, kuma ra'ayinsu ba ɗaya ba ne a kan kowane fanni na batun. Wanda abin ya shafa ya warware wannan da malaminsa tun kafin ya fara tayi, kada ya sayi abin da zai ƙare a bayan kabad.

Mataki na 1: Abin da za ka nema tun kana gida

Yawancin irin wannan ciniki yanzu a Instagram ko WhatsApp yake farawa, da hoto guda da aka gyara haskensa. Hoto guda ba ya isa. Ka nemi biyar: gaban zanen gaba ɗaya a hasken rana ba tare da filashi ba, bayansa gaba ɗaya, gefensa, sa hannun mai zanen daga kusa, da kuma wurin da fenti ya fi kauri, shi ma daga kusa. Ka ƙara da ɗan bidiyo na daƙiƙa 20 ana karkata zanen hagu da dama.

Sai tambayoyi huɗu: wa ya zana, a wace shekara da wane wata aka gama, da me aka zana a kan me, da girmansa a santimita ba tare da firam ba. A harkar zane tsayi ake fara faɗa kafin faɗi, don haka 120 x 90 na nufin tsayi 120, faɗi 90. Wasu da inci suke aunawa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, wato zanen 36 x 48 ya kai kusan santimita 91 x 122. Ka yanka tsohuwar jarida daidai wannan girman ka liƙa a bangon da kake nufi. Zane yakan yi ƙanƙanta a gidan baje koli, ya zo falo ya cinye bango.

Tambayar watan da aka gama ita ce mafi muhimmanci cikin huɗun, dalilin yana mataki na 4.

Mataki na 2: Zanen hannu ne ko bugun inji?

Ana buga hoto a kan kyalle da injin tawada, a bi samansa da wani ruwa mai kauri marar launi da buroshi, ya fito kamar aikin hannu. Sayar da irin wannan ba laifi ba ne idan an faɗa, amma kuɗinsa ba ya ko kusa da na asali.

Ka je da gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo. Ka duba wuri mai launi mai haske, kamar fatar hannu ko sararin sama. Bugun inji zai nuna ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi daban-daban. Fenti kuwa shafe ne, har za ka ga layin gashin buroshi. Sannan ka lura ko tudun ya bi surar. A zanen hannu, inda jan zani ya ƙare nan tudun jan fenti ya ƙare. A na bugu za ka ga sawun buroshi ya ratsa daga zani ya hau fuska ya wuce bango, babu ruwansa da abin da ke ƙasa. Gefe ma yana tona asiri: aikin hannu yakan bar ɗigon fenti da sawun yatsa a gefen kyalle, na inji kuwa hoton yakan yanke tsaf kamar an ja layi da rula.

Akwai kuma akirilik da ake sayarwa da sunan fentin mai. Akirilik fenti ne mai daraja a kan kansa, manyan masu zane na aiki da shi, sai dai ya kamata a kira shi da sunansa. Sabon zanen mai yana da warin man da aka kwaɓa launin da shi, warin kan ɗauki watanni. Akirilik ba shi da wannan warin, kuma tudunsa yakan yi kama da roba, gefensa a dunƙule. Ido kaɗai ba ya raba gardama a kullum, don haka a rubuta nau'in fentin a takardar ciniki.

Mataki na 3: Juya shi baya

Mai sayarwar da ya yi nauyin jiki wajen sauke zane daga bango ya riga ya gaya maka wani abu.

A baya za ka ga kyallen da katakon da aka ɗaure shi a kai. Kyallen auduga fari ne ko ruwan madara, kuma ya fi araha. Na lilin ruwan ƙasa ne, ya fi ƙarfi da tsada. Ka duba ko mai ya ratso ta baya ya yi tabo ruwan ƙasa. Idan ya yi, ba a shafe kyallen da farin shafen farko yadda ya kamata ba, wanda masu zane ke kira jeso, ana yi masa hawa biyu zuwa uku kafin a fara aiki. Man fenti yana cin zaren kyalle idan ya taɓa shi kai tsaye, bayan shekaru wurin ya yi rauni ya fara yagewa.

Ka ɗaga zanen ya fuskanci taga kana kallo daga baya. Duk wani huji ko yagewa da aka liƙe zai bayyana. Ka ƙwanƙwasa kyallen da bayan yatsa a hankali, ya kamata ya amsa kamar ganga da aka ɗaure da kyau, ba ya yi lakaf ba.

Katakon kuma: ka nemi ƙananan ramuka da garin katako a kusurwa, alamar ƙwaro ko gara. Ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, idan bambancin ya wuce rabin santimita katakon ya karkace. Zanen da gefensa ya haura mita ɗaya yana bukatar sanda a tsakiya. Katako mai kyau an ɗan fere fuskarsa ta ciki yadda kyalle ba ya kwanta a kansa, idan kuwa kafinta ya bar shi a shafe, nan da shekara kaɗan layin katakon zai fito a gaban zanen, kuma ba ya gogewa. Na ƙwarai yana da 'yan katakai masu kusurwa uku a kowane lungu, waɗanda ake ɗan bugawa don ɗaure kyalle idan ya saki. Da yawa daga na gida an kafe su da ƙusa ne kawai. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne, amma dalilin neman ragi ne, tunda wata rana sai an sake katakon.

Rubutun baya, da tambarin gidan baje koli, da lambar gwanjo, duk tarihin zanen ne. Ka ɗauki hotonsu, kada kuma ka bari mai firam ya ɓare su.

Mataki na 4: Tocila a gefe

A kashe fitila ko a ja labule. Ka riƙe tocilar wayarka a gefen zanen, kusan a kwance da fuskarsa, haske ya bi ta kansa a karkace. Duk tudu da kwari zai yi inuwa. Ka bi shi daga gefe huɗu, kana tsayawa a kan tufafin masu rawar.

Fentin mai ba ya bushewa kamar ruwa ya ƙafe. Man yana haɗuwa ne da iska ya daskare, daga sama zuwa ƙasa. Shafe marar kauri yakan bushe a taɓa cikin kwana 2 zuwa 12 gwargwadon launi: launukan ƙasa-ƙasa na saurin bushewa, fari da ja da rawaya masu haske suna jinkiri. To fari da ja da rawaya su ne launukan da ake dankarawa a zanin mai rawa. Tudun da ya kai kaurin rabin santimita zai yi fata a sama alhali cikinsa ɗanye ne har tsawon watanni, wani ya shekara. Shi ya sa aka ce ka tambayi watan da aka gama. Zanen da bai yi wata shida ba, ba a naɗe shi, ba a kifa wani abu a fuskarsa, ba a kuma shafa masa man sheƙi na dindindin. Ƙa'idar ita ce wata 6 zuwa 12. Idan aka ce maka makon jiya aka gama amma yana ta ƙyalli, ka tambayi me aka shafa. Akwai man sheƙi marar kauri na wucin gadi da ake iya sawa da wuri, babu matsala da shi. Na dindindin a kan ɗanyen fenti yana manne da launin, ranar da aka zo cire shi sai ya taho da fentin.

Ga abin da hasken zai nuna, da ma'anar kowanne.

Yamutsewa kamar fatar dafaffiyar madara: an cika mai a fenti mai kauri. Muni ne kawai, ba ya ci gaba.

Tsaga mai faɗi wadda ake hango launin ƙasa ta cikinta, a zanen da bai shekara goma ba: an karya ƙa'idar hawa-hawa. Ana fara zane da fenti mai ƙarancin mai, a riƙa ƙara mai a kowane hawa na sama. Wanda ya ɗora mai saurin bushewa a kan ɗanye mai maiƙo, na ƙasa zai ci gaba da motsi ya yaga na sama. Wannan aibin daga hannun mai zanen yake, kuma yakan ƙaru.

Tsaga mai zagaye kamar saƙar gizo: wani abu ya bugi zanen, ko gwiwa ko kusurwar kujera.

Tsaga a jere a miƙe: an taɓa naɗe shi a matse.

Fenti da ya ɗaga baki kamar ɓawon kifi: yana rabuwa da kyalle. Kada ka taɓa, kada ka hura. Sai mai gyaran zane ya kafe shi, kuma kuɗin gyaran zai iya fin kuɗin zanen matashin mai zane. A nan ya fi kyau a haƙura.

Wurin da ya dushe a tsakiyar mai sheƙi, galibi a launuka masu duhu: shafen ƙasa ne ya shanye man. Man sheƙi yana gyara shi idan lokaci ya yi.

Idan zanen ya kwana biyu a duniya kuma kuɗinsa da nauyi, a haska shi da fitilar nan mai ruwan shuni da ake duba jabun kuɗi da ita. Wurin da aka yi wa ciko daga baya yakan fito baƙi-baƙi.

Mataki na 5: Rawar kanta

Zane na iya zama lafiya lau a jiki amma rawar ta mutu. Ka ja da baya kamar taku biyar, ka fara da ƙafafu, ba fuska ba. Mai rawa kullum nauyinsa na kan wani wuri. Ka ja layi a zuci daga ramin wuyansa zuwa ƙasa. Idan yana tsaye a ƙafa ɗaya, layin zai sauka a kan wannan ƙafar. Idan ya kauce, to jikin yana kan hanyar faɗawa taku na gaba, kuma dole wani abu a zanen ya nuna inda zai sauka. Wanda bai iya ba zai zana mutum yana shawagi, ƙafa ba ta taka ƙasa ba, ba ta kuma bar ta ba.

Sai ƙugu da kafaɗa. A jikin da ke motsi ba sa tafiya a layi ɗaya: ƙugu ya ɗaga ta dama, kafaɗa ta sauka ta dama. Tufa kuma a bayan jiki take, jiki ya juya sannan zani ya biyo. Idan zani ya kaɗa ta inda jiki bai fito ba, ado aka yi, ba a kalli mai rawa ba.

Hannu da tafin ƙafa su ne jarrabawar mai zane. Ba laifi ba ne a narkar da su cikin ƙura ko a bar su shafe guda, salo ne sananne. Amma idan mutum shida ne a zane kuma babu hannu ko ɗaya da aka zana a fili, ka nemi ganin wasu ayyukansa, ka tabbata zaɓi ne ba ɓuya ba.

A taron masu rawa, ka kalli sararin da ke tsakaninsu. Matisse, mai zane ɗan Faransa, ya zana masu rawa biyar sun yi da'ira a 1910, zanen yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Da launi uku kacal ya yi shi, kuma hannun biyu daga cikinsu bai kai ga haɗuwa ba, wannan ɗan giɓin ne ke sa ido ya yi ta zagaya da'irar. Masu rawar da aka jera da tazara iri ɗaya, kai a layi ɗaya, sun fi kama da zanen atamfa.

Idan an ce wata rawa ce takamaimai, a ga shaidarta. Koroso ba ta cika sai da kacau-kacau a ƙafa, takai da sanduna ake yinta a da'ira, suwange ta Tibi tana tafe da saƙinsu mai ratsin baƙi da fari, bata ta Yarbawa tana da gangarta. Zanen da aka haɗa hular wannan ƙabila da gangar waccan, an yi shi ne don baƙon da ba zai gane ba. Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1994, ya shafe shekaru yana maimaita masu rawa a jerin ayyukansa na Africa Dances, dogayen jiki masu lanƙwasa. Har gobe ana kwaikwayon wannan tsari. Koyi da magabaci ba aibi ba ne, amma kada ka biya kuɗin sabon tunani a kan kwafi.

Mataki na 6: Takarda da ciniki

Inda ka saya shi ne ke yanke irin kuɗin da za ka biya. Wurin mai zanen kai tsaye ya fi sauƙi, kuma baje kolin ɗaliban ƙarshe a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, ko ta Auchi wadda ta yi suna wajen launi mai ƙarfi, wuri ne na samun aiki mai kyau kafin suna ya yi tsada. Gidan baje koli yana cire la'adarsa, sau da yawa daga kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, amma yana tsaya maka idan matsala ta taso. A gwanjo, irin na Arthouse a Legas ko Bonhams a Landan, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba, akwai la'adar mai saye a sama, ka karanta adadinta kafin ka ɗaga hannu.

Don gane ko farashi ya yi daidai, ka kwatanta mai zanen da kansa. A ce ya sayar da zanen 60 x 90 a kan naira 300,000 a bana. Ka haɗa tsayi da faɗi, 150, ka raba: naira 2,000 ke nan kowace santimita. Zanensa na 90 x 120 zai kama wajen 420,000. Idan aka ce miliyan ɗaya, ka tambayi abin da ya canza. Neman ragin kashi 10 ba abin kunya ba ne. Raba kuɗin biyu kamar ana cinikin yadi a Kantin Kwari kuwa yakan rufe ƙofa.

Babban suna shi ke jawo jabu. Tun da aka sayar da zanen Enwonwu mai suna Tutu a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2, ya kamata duk wanda aka kawo wa aikin wani mashahuri a araha ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Idan mai zanen yana raye, ka tura masa hoton gaba da baya ya tabbatar. Idan ya rasu, sai an nuna hannun da zanen ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Takardar shaida ta ƙunshi sunan mai zane, sunan aikin, shekara, nau'in fenti da kyalle, girma, hoton zanen, da sa hannu. Rasit daban, a rubuta sharaɗin mayarwa idan ya iso da rauni. Ka kuma sani sayen zane bai ba ka haƙƙin mallakar surar ba. Buga shi a kalanda ko riga sai da izinin mai shi a rubuce. Wanda zai fita da shi ƙasar waje ya nemi takardar izini daga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, don kada a riƙe shi a filin jirgi da zargin kayan tarihi ne.

Mataki na 7: Ɗauko shi

Hannu biyu, a gefe da gefe, kada yatsa ya shiga tsakanin katako da kyalle. Leda mai kumfa ba ta taɓa fenti, zafin mota kan sa ta bar tambarin ƙwayoyinta a fuskar zane har abada. A fara rufe shi da takarda mai santsi marar mannewa, a sa kwali a kusurwa huɗu, a kifa kwali mai tauri gaba da baya, sannan ledar, kumfarta na kallon waje. Mai tudu sosai a yi masa akwatin katako wanda zai bar sararin santimita 3 zuwa 5 a gaban fentin. A mota a tsaye yake tafiya, ba a kwance a ƙarƙashin kaya ba, ba kuma a but da rana tsaka ba.

Naɗewa sai dole, kuma sai busasshen zane marar tudu: fenti na kallon waje, a kan bututun roba mai faɗin santimita 15 ko fiye. Idan fenti ya kalli ciki matsewa yake yi ya karye.

Mataki na 8: Bango, hunturu da damina

A ɗaura ƙarfen rataya biyu a jikin katako, kashi ɗaya cikin uku daga sama, a kafa ƙusa biyu a bango. Tsakiyar zanen ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. A liƙa ɗan toshe a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta ratsa.

Zanen mai ya fi son laima tsakanin kashi 40 zuwa 60. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, hunturu kan sauke ta ƙasa da 20, Agusta ta haura da ita sama da 70. Kyalle da katako suna kumbura su motse, tsohon fenti mai kauri kuwa ba ya iya bin su, sai ya tsage. Ba za ka iya mai da falo gidan tarihi ba, amma za ka iya rage saurin canjin. Ka zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta dukansa ta waje kuma ruwa ba ya jiƙa shi. Ka nisanta shi da iskar na'urar sanyaya ɗaki da bakin taga. Abu mafi araha mai amfani shi ne a rufe bayan zanen da allo marar nauyi a ɗaure da sukuru, yana tare ƙura, yana kuma sassauta canjin laima. Idan kyalle ya saki a wani yanayi, ka jira yanayin ya juya kafin ka buga katakan lungu, domin wanda ya ɗaure shi tam a lokacin zai iya samun yagewa idan ya koma da kansa.

Hayaƙin turaren wuta da na girki suna kwanciya a kan tudun fenti su zama baƙin maiƙo, don haka kasko ya yi nesa da shi. Duhu ma ba gata ba ne: sabon zanen mai da aka ajiye a ɗaki mai duhu farinsa yakan koma rawaya, amma 'yan makonni a ɗaki mai haske, ba rana kai tsaye ba, suna dawo da shi.

Shara kuwa da busasshen buroshi mai laushi irin na kwalliya, sabo, daga sama zuwa ƙasa, sau biyu ko uku a lokacin hunturu, bayan ka haska tocila ka tabbata babu inda ya ɗaga. Tsumma yana kama kan tudu ya karya shi. Ruwa, sabulu, kananzir da man zaitun duk ba su da wuri a nan. Idan ka ga fararen ɗigo kamar auduga a bayansa da damina, fumfuna ce: ka sauke shi, ka cire allon baya, ka jingina shi a ɗaki mai iska da fanka har ya bushe, sannan ka nemi mai gyara ta hannun sashen zane na jami'a mafi kusa ko gidan baje kolin da ka saya.